Da Jirage Suka Daina Tashi: Kundin Wani Likitan Ƙwaƙwalwa

Litinin, 20 ga Afrilu, 2020

A tsaye muka yi taron safe a barandar sashe, kowa da takunkumi, kowa ya ja nesa da ɗan'uwansa. Oga ya karɓi littafin masu jiran aiki ya raba sunayen gida uku: waɗanda za a rasa in ba a buɗe kansu yau ko gobe ba, waɗanda za su jure 'yan makonni, da waɗanda za su jira sai annoba ta lafa. Gida na uku ya fi tsawo, kuma a cikinsa aka zuba duk mutanen da muka tara wa baƙinmu.

Baƙin nan tawaga ce daga Turai da ta saba zuwa mana sau ɗaya a shekara, likitoci da nas-nas da mai gyaran na'ura. A wannan makon ya kamata su sauka. Da akwatuna suke zuwa: maƙalan ɗaure kumburarriyar jijiyar jini, kusoshin ƙashin baya, ƙwan fitilar madubin tiyata. A 'yan kwanakin da suke yi muke sauke manyan ayyukan da muka tara tun bara. Tun 23 ga Maris aka rufe filayen jirgin Legas da Abuja ga jiragen ƙasashen waje, na Kano ya riga su da kwana biyu. Ko da a buɗe suke ma, su kansu baƙin an kwashe su daga ɗakin tiyata an kai su sashen masu korona. Shugabarsu ta rubuto cewa yanzu aikinta juya majinyata ruf da ciki a kan na'urar numfashi. Allah ya tsare su.

Oga ya miƙo mini jerin lambobin waya. Ya ce, "Gobe ka kira su ɗaya bayan ɗaya. Kada ka tura saƙo. Da bakinka za ka gaya musu."

Talata, 21 ga Afrilu

Kira na wuni yi. Mafi yawa "Allah ya kai mu lokacin" kawai suka ce. Amma wani dattijo, wanda 'yarsa ke da ƙari a ƙeyar ƙwaƙwalwa, kuma ya riga ya sayar da shanunsa domin wannan tafiya, ya tsayar da ni.

"Likita, Turawan sun fasa ke nan?"

Na ce, "Baba, ba fasawa suka yi ba. Hanya ce ta rufe."

Ya ɗan yi shiru. "To, ku da kuke nan fa?"

Aikin 'yarsa ba ya fi ƙarfin Oga. Abin da ya hana shi ne gadon kulawa ta musamman bayan aiki, domin na'urorin numfashinmu an kai su cibiyar killace masu korona, sai guda ɗaya da aka bari don gaggawa. Na yi masa bayanin haka, ya gamsu ko bai gamsu ba, ya yi mini addu'a. Amma tambayarsa ta wuce batun 'yarsa. Tsarin da aka gina na tara manyan ayyuka a jira baƙi ya koya wa mutane cewa hannun gida na ƙananan abubuwa ne. Baƙin ba su taɓa faɗin haka ba, kuma mutanen kirki ne masu barin iyalinsu su zo su yi aiki kyauta. Tsarin ne ke faɗa ba da baki ba, duk shekara.

Laraba, 22 ga Afrilu

Ni da Matiron muka buɗe kabad muka duba robar shant, wadda ake sawa ƙarƙashin fata ta janye ruwa daga ƙwaƙwalwar yaro zuwa cikinsa. Abin da ya rage ba zai kai mu sallah ba.

Wadda muke amfani da ita samfurin Chhabra ce, kamfanin Surgiwear ke yin ta a garin Shahjahanpur na Indiya. Rahusarta ce ta sa ta zama ta talaka. A binciken da Benjamin Warf ya wallafa a 2005 daga Uganda, ya gwada ta da wata ta Amurka: wannan dala 35, waccan dala 650, kuma bayan shekara guda bai ga bambanci a yawan lalacewa ko shigar ƙwayar cuta ba. Wannan bincike ɗaya ya ceci yaran da Allah kaɗai ya san adadinsu a Afirka. To Indiya tana cikin kulle tun 25 ga Maris, an kuma ƙara wa'adin zuwa 3 ga Mayu. Mai kawo mana kaya ya ce odarsa tana can, ba jirgin da zai ɗauko, kuma abin da ke hannun 'yan kasuwa ya fara tsada.

Matiron ta rufe kabad ta ce, "Dokta, kayan aro ba ya rufe katara." Na ce ai wannan ba aro ba ne, saye muke yi. Ta ce, "Abin da sai an hau jirgi kafin ya zo hannunka, aro ne."

Alhamis, 23 ga Afrilu

Sarkin Musulmi ya sanar da ganin wata, gobe azumi. Ma'ajiyar jini ta kusa ƙarewa. Ɗalibai su ne masu ba da jini, ga makarantu a rufe.

Wasiƙa ta zo daga Mbale ta Uganda: an ɗage horon da zan je sai abin da hali ya yi. Na san za ta zo, tunda Uganda ta rufe Entebbe tun cikin Maris. Duk da haka ta yi mini nauyi.

Juma'a, 24 ga Afrilu, 1 ga Ramadan

Wata kaka ta kawo jikanta ɗan wata huɗu, uwar tana biye tana kuka. Kan yaron ya kumbura, maɗiga ta taso ta yi tauri, jijiyoyi sun fito raɗa-raɗa, idanunsa sun juya ƙasa. Ya yi zazzaɓi da jijjiga a makon haihuwarsa. Daga ƙauyensu zuwa nan sun sha shingayen jami'an tsaro, wani wurin sai da kakar ta yaye zanen da ta lulluɓe kan yaron kafin aka bar su suka wuce.

Na ce, "Iya, ruwa ne ya taru masa a kai. Za mu sa masa roba ta janye shi."

Ta ce, "Likita, in robar ta toshe fa? Na ga ɗan maƙwabtanmu."

Ta san abin da take tambaya. Kusan huɗu cikin goma na wannan roba sukan samu matsala a shekarar farko, kuma in ta toshe, sa'o'i ake ƙirgawa. Yaron da ke zaune kusa da asibiti zai tsira. Wanda ke bayan shinge bakwai a lokacin dokar kulle, sai dai ikon Allah.

Mafitar wannan matsala ce zan je koyo a Mbale. Ƙwaƙwalwa tana samar da ruwa kullum, a babban mutum kusan rabin lita a wuni, yana zagayawa ta wasu ɗakuna huɗu kafin jiki ya shanye shi. In hanya ta toshe, maimakon a sa roba, ana iya shiga da siririn madubin leƙe a huda ƙasan ɗaki na uku, ruwan ya samu sabuwar mafita, sannan a ƙona wani ɓangare na naman da ke tsatso ruwan domin ya ragu. Warf ne ya haɗa waɗannan biyun a asibitin yara na CURE da ke Mbale, inda ya zauna daga 2000 zuwa 2006. A can ne ya gano cewa kusan kashi 60 cikin ɗari na jariran da ake kawo musu, cutar da suka yi suna jarirai ce ta jawo musu, kamar dai wannan yaro na yau. A 2017 aka wallafa gwajin da aka yi wa jarirai 100 a asibitin, aka ga cewa bayan shekara ɗaya bunƙasar hankalin waɗanda aka yi wa huda ba ta bambanta da ta masu roba ba. Ga yaron ƙauye, ma'anar wannan ita ce zai iya rayuwa ba tare da baƙon abu a jikinsa da zai riƙa maido shi asibiti ba.

Abin da ya fi burge ni da Mbale shi ne Warf ya koma Boston, aikin bai bi shi ba. Likitocin Uganda ne ke riƙe da wurin, har su ke koyar da mu 'yan sauran ƙasashe. Yau da jirage suka tsaya, hannun da ke yin aikin yana nan a garin. Dabarar kuma daga Afirka ta tafi Amurka, ba daga can ta zo ba. Wannan shi ne haɗin gwiwar da nake so a yi da mu.

Mun sa wa yaron roba bayan la'asar. Na rubuta wa kakar lambar wayar sashe a bayan katinsa, na karanta mata alamomi: amai, yawan barci, maɗiga ta sake tasowa.

Asabar, 25 ga Afrilu

Yau ya kamata a buɗe babban taron shekara na ƙungiyar likitocin tiyatar ƙwaƙwalwa ta Amurka a Boston. An soke shi. A maimakon irin waɗannan taruka, laccoci sun ɓarke ta Zoom, kusan kullum, kuma kyauta.

Dole in faɗi gaskiyar abin da na ji: daɗi. Taro irin na Boston, kafin ɗan koyo irina ya je sai ya nemi biza, ya biya kuɗin jirgi da masauki da rajista da suka fi albashinsa na watanni, kuma ana iya hana shi bizar bayan ya biya komai. Yau bayan tarawihin da muka yi a gida, na zauna da waya ina kallon wani farfesa da sunansa kawai nake gani a bangon littafi yana nuna yadda yake bi ta gindin ƙoƙon kai ya kai ga ƙari. A gefen allo mutane na gaisawa daga Lima, Dhaka, Kigali, Kabul. Ƙofar da aka ce ba ta buɗuwa, ashe mako biyu ya isa a buɗe ta. Ina fatan ba za a sake rufewa ba in annoba ta wuce.

Sai dai ido ne ya ƙoshi. Tiyata a yatsu take zama. Nauyin da za ka sa wa ƙwaƙwalwa kafin ta ji ciwo, yadda jijiya ke motsi kafin ta fashe, ba a koyonsu sai babba yana tsaye a kafaɗarka yana cewa "dakata". Sau biyu sabis ya yanke, kuma data ta cinye abin da ta cinye.

Lahadi, 26 ga Afrilu

Akwai wata malamar makaranta a ɗakin mata, ƙari ya fito mata a fituwitari, ɗan ƙullin nan da ke ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, yana danne mahaɗar jijiyoyin gani. Ta daina ganin gefe da gefe, tana karo da ƙyauren ƙofa, kuma a makon nan idon hagu ya fara dushewa. Jira na nufin makanta.

A ƙa'ida ta hanci ake bi a cire shi. Amma tun cikin Maris labari ya zo daga Wuhan cewa ma'aikatan asibiti 14 sun kamu da korona ta dalilin wani majinyaci da aka yi wa irin wannan aiki, likitocin Stanford kuma suka rubuta gargaɗi cewa hanci da maƙogwaro nan ne mazaunin ƙwayar, kuma injin huda ƙashi yana iya watsa ta a iska. Cikin 'yan kwanaki gargaɗin ya zagaye duniya ta WhatsApp, kafin ma mujalla ta buga shi. A nan na ga amfanin zumuncin wannan sana'a: abin da ya sami Wuhan ya zama darasi gare mu tun bai iso ba.

Matsalar ita ce shawarwarin da suka biyo baya. A gwada majinyaci kafin aiki, wasu suka ce sau biyu. A sa hular da ke tace iska da batir. A yi aikin a ɗakin da ke zuƙe iska waje. Mu kuwa samfur sai ya yi tafiya zuwa wani gari, sakamako ya ɗauki kwanaki, kuma ba a ma yarda a gwada wanda ba shi da tari ko zazzaɓi. Waɗanda suka rubuta ƙa'idojin don asibitocinsu suka rubuta, ba laifinsu ba ne. Amma ba su amsa tambayarmu ba.

Wanda ya amsa ta wani abokin aiki ne daga wata ƙasa mai magana da Faransanci ta yammacin Afirka, a zauren WhatsApp ɗinmu. Yana cikin waɗanda suka yi karatu a cibiyar Rabat, wadda tarayyar ƙungiyoyin likitocin ƙwaƙwalwa ta duniya ta amince da ita a 2002 ƙarƙashin Farfesa Abdeslam El Khamlichi domin horar da 'yan Afirka a cikin Afirka. Ya ce ya yi irin wannan a makon jiya: a ɗauka kowa yana da cutar, a bar hanci, a buɗe ta gefen goshi, a kauce wa kogon iskar da ke cikin ƙashin goshi, a ajiye injin a yi amfani da mahudin hannu da zarton waya ana zuba ruwa, kuma lokacin sa bututun numfashi kowa ya fita sai mai ba da maganin barci da mataimakinsa. Rabin saƙon da Faransanci, rabi da Turanci. Na kai wa Oga, ya karanta, ya ce, "Talata."

Litinin, 27 ga Afrilu

Shugaba Buhari ya yi jawabi da dare. Za a sassauta wa Legas da Ogun da Abuja daga 4 ga Mayu, za a hana fita daga takwas na dare zuwa shida na safe a duk ƙasa, an hana zirga-zirga tsakanin jihohi, Kano kuma kulle na mako biyu. Labarin mace-macen Kano ya cika ko'ina, manyan mutane, malamai, dattawa. Kowa a sashe yana da wani a can. Kwana goma ke nan da rasuwar Abba Kyari, kuma tun daga ranar na lura masu cewa cutar ƙarya ce sun ragu a bakin asibiti.

Wajen sahur aka kawo ɗan acaɓa da jini ya taru masa tsakanin ƙashi da fatar ƙwaƙwalwa. Irin wannan ba ya jiran gwaji, ba ya jiran kowa. Mun buɗe, mun kwashe, ya farka.

Talata, 28 ga Afrilu

Mun yi aikin malama. Cikin rigar leda, da azumi, da tabarau mai yin hazo, gumi har cikin takalmi. Oga ya ɗaga gaban ƙwaƙwalwa a hankali har jijiyar gani ta bayyana, ta yi faɗi ta yi fari saboda dannewa, ya riƙa ɗebo ƙarin kaɗan-kaɗan ta tsakanin jijiyoyin. Wannan tsohuwar hanya ce, da ita ya fara kafin madubin hanci ya yaɗu, kuma yatsunsa ba su manta ba.

Ina riƙe masa ina tunanin inda wannan hannu ya fito. Shi ma wani ya koya masa a waje, ya dawo. Haka sana'ar ta shigo ƙasar nan tun farko: Latunde Odeku ya yi horonsa a Jami'ar Michigan, ya dawo Ibadan a 1962 ya kafa sashen farko. Daga baya aka samu cibiya a Sakkwato da Farfesa Bello Bala Shehu ya tsaya a kanta, wadda ta yaye da yawa daga cikin masu yin wannan aiki a Arewa. Duk da haka har yau ba mu fi wajen mutum ɗari ba a ƙasa mai kusan mutum miliyan 200. Ba za mu taɓa cewa ba ma bukatar waje ba. Magana ita ce me ake kawowa: abin da zai koma cikin akwati, ko abin da zai zauna a hannun mutum.

Laraba, 29 ga Afrilu

Malama ta ƙirga yatsuna da idon hagu. Alhamdu lillahi. Fitsarinta ya yi yawa, muna auna shi awa-awa.

Da hantsi wani Alhaji ya zo, 'ya'yansa na riƙe da shi. Ƙashin wuya ya danne masa laka, ƙafafu sun fara ƙin ɗaukarsa, maɓallin riga ma ba ya iya sawa. Ya riga ya biya wani asibiti a Indiya, sai Indiya ta dakatar da biza a 13 ga Maris. Bai ɓoye ba, ya ce, "Likita, ban taɓa tunanin zan kwanta a nan ba." Oga ya ce, "Alhaji, ga shi Allah ya kawo ka. Za mu yi abin da za mu iya, kuma wannan muna iyawa."

Irinsu sun fara yawa, masu zuwa Indiya da Masar da Dubai. Ban ji haushinsa ba. Mai ciwo inda yake ganin sauƙi yake nufa. Amma kuɗin da ake fita da su domin irin wannan aiki, da a nan suke zama, da ba a kai ga asibiti guda yana rabon na'urar numfashi tsakanin mai korona da mai ƙari ba.

Wani abu kuma ya faru da ban saba gani ba. Wata mata da aka yi wa aiki a Indiya a watan Fabrairu ta zo da ciwon yana ruwa, ba ta da takardar da ta bayyana abin da aka sa mata. Ɗanta ya ba ni lambar likitan. Na rubuta masa, kafin azahar ya turo bayanin aikin da hotuna, ya kuma kira muka tsara magani tare. Shekaru majinyata na kai da komo tsakaninmu da su, ba mu taɓa magana ba sai yau.

Alhamis, 30 ga Afrilu

Na fara shigar da bayanan majinyatanmu cikin binciken COVIDSurg da ake tattarawa daga Birmingham, domin a san abin da ke samun wanda aka yi wa tiyata yana ɗauke da korona. Abin da ya ja ni shi ne duk wanda ya ba da gudummawa ana sa sunansa cikin marubuta. An daɗe ana ɗibar alƙaluma daga asibitocin Afirka, sunan mai ɗibar ya ƙare a layin godiya. Sai dai wanda aka tabbatar ko ake kyautata zaton yana da cutar ake nema, mu kuma gwaji ya yi mana ƙaranci, don haka kasonmu zai fito ƙarami fiye da yadda yake.

Tun kafin annoba, lissafin da Dewan da abokan aikinsa suka fitar a 2018 ya ce kimanin ayyukan ƙwaƙwalwa da laka miliyan 5 da suka zama dole ba a yin su duk shekara, kuma ana bukatar ƙarin likitoci wajen 23,300, mafi yawa a Afirka da kudu maso gabashin Asiya. Wannan giɓi ba tawagar mako guda ce za ta cike shi ba, ko da jirage na tashi.

Asabar, 2 ga Mayu

Fitilar madubin tiyata ta mutu ana shirin shiga da Alhaji. Mai gyaran da ya saba duba ta yana cikin tawagar da ba ta zo ba. Muka kira shi ta bidiyo, yana zaune a kicin ɗinsa, mai gyaranmu na riƙe da sukudireba. Ya ce buɗe nan, auna can. Ashe ba ƙwan ba ne, wata 'yar fis ce, kuma an samu irinta a wurin masu gyaran rediyo. Da aka gama, Baturen ya ce wa yaronmu, "Da tuni na nuna maka wannan." Ya faɗa da nadama a fuskarsa.

An ɗaga aikin Alhaji zuwa Litinin.

Litinin, 4 ga Mayu

Aikin Alhaji ya yi kyau, da yamma ya matse hannuna da ƙarfin da bai da shi jiya.

Oga ya sa na tsara wasiƙa zuwa ga shugabar tawaga, amsar tambayarta ta me za su iya yi mana daga nesa. Mun fara da yi musu jaje, domin sun rasa abokan aiki. Sannan muka nemi zaman duba hotunan majinyata ta Zoom duk mako biyu, mu kawo namu su kawo nasu. Mun nemi mai gyaransu ya ci gaba da zama da namu ta bidiyo har su bi kowace na'ura da ke ɗakin. Mun ce in hanya ta buɗe, kuɗin jirgin mutum goma a kashe rabinsa wajen tura nas biyu da mai ba da maganin barci su yi watanni a wurinsu ko a Mbale, kuma duk aikin da za a yi in sun zo, ɗan gida ne zai riƙe wuƙa, baƙo ya tsaya a kafaɗarsa. Oga ya ƙara layi ɗaya da hannunsa, cewa daga yau ba za mu sake ajiye majinyaci ya jira zuwansu ba, za mu yi abin da ya samu a lokacinsa, su tarar da mu a kan aiki.

Ya sa hannu, ya ce in je in ga shugaban sashen kulawa ta musamman a kan gado ɗaya na kwana biyu. In an samu, in kira dattijon nan ya kawo 'yarsa ranar Alhamis, in kuma rubuta masa takardar asibiti da zai nuna a shingaye.